Darasi: Garaɓasa da Tara Kaya, Yaushe ne Riba, Yaushe ne Asara?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan zama ina so kowace mace a cikinmu ta iya bambance ragin da ke cika asusu da ragin da ke cinye shi, ta kuma san iyakar abin da ya kamata ta ajiye a ɗakinta.

Takardar ragi a Amurka

'Yan'uwana mata, zan fara da labarin wata ƙasa mai nisa, don wani lokaci sai mutum ya ga halinsa a jikin wani sannan yake gane shi.

A Amurka akwai wata 'yar takarda da suke ce wa kufon, wato takardar ragi. Kamfani ne ke buga ta, ya rubuta cewa duk wanda ya kawo ta kanti za a rage masa kaza a kan sabulu ko madara ko garin koko. Abin ya daɗe. Tun a 1887 kamfanin Coca-Cola ya riƙa raba irin wannan takarda, mai ita ya sha kofi ɗaya kyauta. Daga baya aka koma saka su cikin jaridun ranar Lahadi, mata na yanka da almakashi suna tarawa. Yanzu kuma da yawansu a cikin waya suke.

Uwar gida mai lissafi takan rubuta abin da gidanta ke bukata, sannan ta duba ko akwai takardar ragi a kansu. Wannan ta ci riba. Amma akwai waɗanda abin ya zame musu ciwo. A 2010 wata tashar talabijin mai suna TLC ta fara nuna wani shiri, Extreme Couponing, na mutanen da suka mayar da tara takardun ragi sana'a. Sai ki ga mace ta cika ɗaki guda da man goge baki, ta cusa takardar bayan gida ƙarƙashin gadon yara, ta kwashe kayan kanti kaf ta bar na bayanta hannu wofi. Wasu kayan sai wa'adinsu ya ƙare ba a taɓa su ba. Har sai da kantuna da dama suka tsananta dokokinsu, suka sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai ɗauka da takardar ragi.

Abin lura shi ne, kamfani ba don Allah yake rage miki ba. So yake ki ɗanɗana kayansa ki saba, ko ki sayi fiye da abin da kika yi niyya.

Namu irin ragin

Mu ba ma yankan jarida, amma ragin da ke ruɗin ido muna da shi iri-iri. Akwai gyara da mai awo ke ƙara miki. Akwai motar kamfani da ke zuwa ran kasuwa da lasifika: sayi biyu a ba ki ɗaya, sayi katan a ba ki bokiti. Akwai sari. Babba kuma a cikinsu ita ce arahar kaka, lokacin da gero da masara da wake suka cika kasuwa farashi ya faɗi.

Duk waɗannan suna iya zama alheri. Ni dai kafin in ciro kuɗi daga bakin zani, tambaya huɗu nake yi wa kaina, kuma su nake so mu riƙe:

1. Da ba a rage ba, da ma zan saya?
2. Gidana zai cinye shi kafin ya lalace?
3. Ina da wurin ajiya mai kyau?
4. Kuɗin nan na mene ne? Na cefane ne, ko jarin sana'a, ko zubin ƙungiya, ko rance?

In amsar ta farko a'a ce, to ba ragi aka yi miki ba, kashe kuɗi kika yi. Abin naira 1,000 da aka bar miki a 700, in ba ki bukatarsa, ba 300 kika samu ba, 700 kika rasa. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Mu yi lissafin sabulu

Waɗannan kuɗin misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku. A ce sabulu ɗaya naira 500 ne, katan mai guda 24 kuma 10,800. Kin ga a katan kowanne ya zo 450, ragin duka ya kama 1,200. Abu ya yi daɗin ji, ko?

To amma a ce gidanki guda biyu yake ci a wata. Katan ɗin shekara guda ke nan. Kin ɗaure naira 10,800 a ƙarƙashin gado wata goma sha biyu saboda 1,200. Da kuɗin nan a cikin ƙosanki ko ƙuli-ƙulinki suke juyawa, ko naira 200 kacal suke kawowa a mako, a shekara sun haura 10,000. Ga kuma abin da kowa ta sani: abin da ya yi yawa a ɗaki ba a tattalinsa. Yara su ɗauka, maƙwabta su aiko, ke kanki hannunki ya saki.

Mafita tana cikin wannan da'irar da muke zaune. Mata huɗu su haɗa kuɗi su sayi katan ɗin, kowacce ta ba da 2,700 ta ɗauki guda shida. Kowacce ta samu ragin 300, kuma cikin wata uku ta gama da shi. An ci arahar sari, ba a kashe jari ba.

Ajiyar hatsi: san adadinki

Sayen abinci a kaka dabara ce ta iyaye da kakanni, ba na hana kowa. Abin da nake cewa shi ne ki san adadinki. Ki ƙirga tiya nawa gidanki ke ci a mako, ki ninka da makonnin da suka rage kafin sabon amfani ya shigo. Misali, tiya 5 a mako, makonni 44, ya zama tiya 220. In buhun garinku tiya 40 yake ci, buhu biyar da rabi ke nan. Ki cire abin da kuka noma, ragowar shi ne abin saye. Ki ɗan ƙara saboda baƙi da sha'ani. Abin da ya wuce haka ba abincin gida ba ne, kasuwanci ne, kuma kasuwanci akwai riba akwai faɗuwa.

Kada wata ta ce farashi kullum tashi yake da bazara. Bayan tsadar da aka sha a 2024, a 2025 farashin masara da sauran hatsi ya sauko a kasuwannin arewacin Najeriya, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wadda ta yi da kuɗinta ta ji zafi. Wadda ta yi da rancen ƙungiya ta ji zafi biyu, don ranar biya ba ta jiran farashi. Shi ya sa shawarata ita ce, rancen da za ki biya cikin wata uku kada ki ɗaure shi a hatsin da sai bayan wata bakwai za ki sayar.

Abokan gabar ajiya

Danshi, ƙwari, ɓera da gara, su ne ɓarayin da ba sa fasa ƙofa. Hatsi ya bushe sosai kafin ya shiga buhu. Ga gwaji mai sauƙi: ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Masara da gyaɗa da suka yi funfuna suna ɗauke da wata guba da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kada ki ce asara ce ki ba yara.

Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi kan katako. Wake kuwa ya fi son buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowacce da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, aka cika ta taf, ita ma tana yi. Don Allah mu bar zuba maganin feshi irin na gona a cikin wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki. Abin da wasu suka ƙi ci, mu ma bai dace mu ba 'ya'yanmu ba.

Kayan kanti kuma, irin su madara, taliya, tumatirin leda da man girki, ki duba ranar ƙarewar wa'adi. Sau da yawa garaɓasa kan faɗo ne a kan kayan da wa'adinsu ya kusa. In ba ki iya karanta ranar ba, ki sa ɗanki ko magatakardar ƙungiya ta duba miki. A ɗaki kuma, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita.

Haƙƙin maƙwabciya

Akwai bambanci tsakanin tanadi da ɓoye abinci. Mai tanadi ta ajiye abin da iyalinta za su ci. Mai ɓoyewa ta kwashe na kasuwa tana jiran mutane su shiga ƙunci. In jita-jitar tsada ta tashi kowa ya ruga saye, mu da kanmu muke tayar da farashin, kuma wadda ke awon kwano ɗaya kullum ita ce ke fara kwana da yunwa. Wataƙila ma tana zaune a wannan tabarmar tare da mu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane kaya kika taɓa saya don ya yi araha, daga baya ya lalace ko ya zauna ba amfani?
2. Waɗanne kaya ne ƙungiyarmu za ta iya haɗuwa ta sara tare ta raba?
3. Wace doka ya kamata mu sa game da karɓar rance don ajiyar hatsi?

Aikin gida

Daga yau zuwa zama mai zuwa, kowacce ta ƙirga tiyar hatsi da sabulu da kwalbar mai da gidanta ya ci. Wadda ba ta rubutu ta riƙa jefa tsakuwa a gwangwani, kowane kaya da nasa gwangwanin. Ku zo da lissafin, da shi za mu fitar da adadin kowane gida, mu kuma tsara sarinmu na farko tare.