Darasi: Gayyar Zana Taswirar Unguwa

Darasinmu na wannan wata a kan gayya ne, amma gayyar da ba a zuwa da fartanya. Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko shi.

Wani dare cikin damina, a Unguwar Television ta Kaduna, naƙuda ta kama matar maƙwabcina. Muka kira mai mota ta waya. Bai daɗe ba ya iso bakin garejin Television, daga nan kuwa sai ya rasa hanya. Muka ce ya wuce mai shayi, ya karya dama wajen mangwaro. Ashe mai shayi ya tashi tun ƙarfe goma, mangwaron kuma an sare shi. Ya duba taswirar wayarsa, layinmu babu shi. Sai da muka tura yaro da tocila ya nemo shi cikin ruwa. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Bayan rikicin shekarar 2000 mutane da yawa suka ƙaura, unguwannin kudancin kogin Kaduna kamar Television, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora suka cika. Magina sun fi masu awo sauri. Inda ake noman masara jiya, yau layi ne mai gidaje da shaguna, amma a takarda har yanzu fili ne.

Akwai wata taswirar duniya a intanet mai suna OpenStreetMap. Wani Bature, Steve Coast, ya fara ta a Ingila a 2004. Bambancinta da sauran shi ne, kowa yana iya yin rajista kyauta ya ƙara abin da ya sani, kowa kuma yana iya amfani da ita. A 2009 matasan Kibera, wata unguwar talakawa a Nairobi ta ƙasar Kenya, suka bi lungunansu da ƙafa suka sa famfuna, makarantu da ɗakunan shan magani a cikinta. A Janairun 2010 da girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince ta ƙasar Haiti, masu aikin sa kai daga ƙasashe dabam dabam suka zana birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da zanen.

Misalin da ya fi kusa da mu na Kano ne. A da, masu allurar shan inna suna bin taswirar da aka zana da hannu. Tun wajen 2012 aka fara zana musu sababbi daga hoton tauraron ɗan Adam, a Kano da wasu jihohin Arewa. Sai ga ƙauyuka da rugage da ba sa cikin lissafi, musamman a kan iyakar gunduma da gunduma, inda wannan ayari ke tsammani na wancan ne, wancan ma haka. Yaran wurin ba wanda ya ƙi su, ba a san da su ba ne kawai. Wannan aikin hukuma ne da ƙungiyoyin lafiya, kuma ba taswira kaɗai ta kori cutar ba, amma tana cikin abubuwan da suka taimaka har aka kai 25 ga Agusta 2020, ranar da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

To, yaya ake gayyar? Kwana biyu take so. Rana ta fari a ɗaki ne: ajin makaranta ko zauren taro, inda akwai wuta da 'yan kwamfutoci. Mutum biyu suna iya haɗuwa a kan guda. Akwai shafin da ake kira Tasking Manager, wanda ke yanka unguwa gida gida kamar dara. Kowa ya ɗauki nasa yanki, shafin ya kulle masa shi, kamar yadda ake raba kunya a gona don kada fartanya biyu su haɗu. Sai ya dubi hoton sama, ya bi gefen kowane rufin kwano ya zana, ya ja layin hanya. Bayansa wani gwani yana dubawa, kamar mai gona da ke bin 'yan gayya yana gyara inda aka bar ciyawa. Sabon hannu ya fi yin kuskure biyu: yakan haɗa gidaje uku su zama ɗaya, ko ya zana inuwar gini a maimakon ginin.

Rana ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a ganina, ita ce kuma aka fi gudu, gama akwai rana da taɓo. Hoton sama rufi kawai yake nunawa. Ba zai gaya maka wannan rufin ɗakin haihuwa ne, wancan injin niƙa ba. Ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin itace, wani lokaci ma hoton ya kwana biyu, an yi gini bayansa. Saboda haka a buga zanen jiya a takarda, a fita bibbiyu, a rubuta abin da ido ya gani. Wayar hannu tana nuna inda mutum yake tsaye, amma takan kauce da 'yan mitoci, musamman a matsattsen lungu, don haka kada a bi ta ido rufe. Lalle a sa mata cikin masu fita. Su ne suka san rijiyar burtsatsen da ke ba da ruwa da wadda ta mutu tun bara, da kwalbatin da ke toshewa ruwa ya shiga gidaje. A tafi da ɗan acaba ma in an samu, gama babu lungun da bai sani ba.

Sau da yawa za ku tarar layi ɗaya yana da suna biyu, na allon hukuma da wanda mutane ke kira. A rubuta duka biyu, taswirar tana da wurin kowanne, har da wurin suna da Hausa. Kada kuwa a kwafo daga taswirar Google. Tana da masu ita, abin da aka kwafo kuma za a goge shi.

Kafin a fita, a je a gai da mai unguwa a yi masa bayani. Da na kai maganar gaban dattawan layinmu, wani baba ya ce, “Malam, ba masu rusau kake nuna wa gidajenmu ba?” Tambayar tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Na ce, “Baba, rufinmu ya riga ya fito a hoton sama, da mu da babu mu. Abin da za mu ƙara shi ne famfo, makaranta, asibiti da sunan layi.” Na kuma gaya masa gaskiya cewa wannan taswira ba takardar fili ba ce. Ba ta ba mutum gida, ba ta hana a karɓe. Wannan aikin KADGIS ne, hukumar filaye ta jiha. Bai gamsu sarai ba, amma ya ce a yi.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa. Kada a rubuta sunan mai gida, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko lambar wayarsa. Mu da muka zauna a Kaduna mun san abin da irin wannan lissafi zai iya zama a hannun mugu ranar tashin hankali. Coci da masallaci wuraren jama'a ne, ana sa su kamar kasuwa, amma in shugabannin wurin sun ce a bari, a bari.

Aikin gida kafin taro na gaba: kowace ƙungiya ta ɗauki layi ɗaya, ta bi shi daga bakin titi har ƙarshe da takarda da fensir. A rubuta wuraren ɗiban ruwa da wanda ke aiki a cikinsu, da inda ruwa ke kwanciya, da wurin da mota ba ta iya wucewa. A yi wannan washegarin ruwan sama, kafin ƙasa ta tsotse shaida.