Ƙarewar Kuzari a Wurin Aiki

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barcin dare ɗaya ke gusarwa, akwai kuma wadda mutum ke kwana da ita, ya tashi da ita. Ta biyun ce darasinmu, wato ƙarewar kuzari. Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana ta a 1974. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana tasowa ne daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominta uku ne: mutuwar jiki, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo.

To, me ke faruwa a jiki? Idan wa'adin miƙa aiki ya matso, ƙwaƙwalwa kan ɗauke shi tamkar haɗari. Sai ta aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugawa, sukari ya ƙaru a jini, hankali ya tattaru. Wannan baiwa ce, amma ta ɗan lokaci. Idan wa'adi ya bi wa'adi, jiki ba ya samun damar saukowa, kamar janareta da aka bari yana aiki dare da rana. Daga nan barci ya lalace, mantuwa ta yawaita, garkuwar jiki ta raunana. Kuskure ya ƙaru, gyaransa kuma ya ƙara tsawon aikin.

Abin ya wuce kasala. Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Tunda tushen matsalar aikin ne, a ganina can ya kamata gyara ya fara. Cewa ma'aikaci ya yi haƙuri ba ya sauke kotisol. Shugaban aiki ya tuntuɓi masu yin aikin kafin ya yanke wa'adi, domin nauyin da mutum ke da ta cewa a kansa ya fi sauƙin ɗauka. Ya ware ranakun hutu bayan kowane zango mai tsanani, ya daina kiran waya da dare. Idan lokaci ya ƙure, ya rage aikin ko ya nemi ƙarin wa'adi.

Kai da ke jagorantar mutane, idan ma'aikaci mai fara'a ya koma shiru da saurin fushi, ka duba nauyin da ke kansa kafin ka tuhume shi.