Kasa Kame Kai: Hali ne ko Ciwo?

Ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta cika, akan kama masu hannu da yawa, kuma galibinsu ɓarayi ne na sosai. Amma jefi-jefi akan sami wanda ya ɗauki abin da bai kai naira ɗari ba, alhali aljihunsa cike da kuɗi, kuma ko ya tsira da shi sai ya yar ko ya ɓoye. Mutane kan ce halin ɓera ne, hali kuwa zanen dutse. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wani bayani dabam.

A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022, akwai rukunin cututtukan kasa kame kai. Ciki har da kilaftomaniya, wato satar da ba ta buƙata ba, da jarabar cinna wuta, da fushi mai tashi farat ɗaya fiye da abin da ya jawo shi. Tafarkinsu kusan ɗaya ne: ƙunci ya taru a ƙirji, mutum ya aikata, ya ji sanyi na ɗan lokaci, sa'an nan sau da yawa nadama ta biyo baya.

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum. Shi ke auna sakamako kafin hannu ya motsa. A 1848 wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta huda masa wannan sashe. Ya rayu, amma likitansa ya ba da labarin cewa ya koma marar haƙuri, mai ashar. Wannan birki ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, don haka ba kowane ɗalibi mai rawar kai ne majinyaci ba. Sinadaran sirotonin da dofamin su ma suna da hannu: wasu magungunan cutar Fakinsan da ke kwaikwayon dofamin sukan jefa dattijo kamili cikin caca, in an rage su kuma abin yakan lafa.

Jigon magani shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda majinyaci ke koyon gane alamun farko, kamar bugun zuciya da ɗaurewar jiki, ya jinkirta, ya bar wurin. Likita kan ƙara da fuloksetin ga mai fushi, ko naltirekson ga mai sata, gwargwadon hali. Ba a sayen su a kemis bisa zato.

Malami a Gagarawa ko Sule Tankarkar shi ne sau da yawa ke fara lura. Bulala a gaban taron ɗalibai ba ta gyara birki, sai dai ta koya wa yaro ɓoyewa. Abin da ya fi shi ne ya rubuta ranakun da abin ya faru da abin da ya gabace shi, ya gana da iyaye a keɓe, a kai yaron Babban Asibitin Gumel, daga nan a iya tura shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.