Lissafin Kwanton Ɓauna a Wasan Foka

Ɗalibi, ƙaddara mutum biyu na karawa a foka, wasan kartar Amurkawa. Ɗaya ya sami hannu mai ƙarfi. Shin ya zuba kuɗi nan take, ko kuwa ya lafe?

Lissafi ke raba gardama. Idan abokin karawa na amsa zubin dala 10 sau 6 cikin 10, matsakaiciyar riba dala 6 ce. A sauƙaƙe, lafewa ba ta fi ba sai in zai zuba 10 da kansa fiye da sau 6.

Amma wanda ba ya taɓa lafewa, shirunsa na tona rauninsa. Shi ya sa Cepheus, manhajar Jami'ar Alberta ta 2015, ke gauraya dabarunta bisa ƙuri'a.