Jami'in Sa Ido a Zamanin Intanet: Bibiyar Mai Laifi a Wajen Kurkuku

A Amurka, kotu kan bar mai laifi a gida bisa sharuɗɗa maimakon ɗauri, tsarin da dokar 1925 ta kafa a matakin tarayya. A da, ziyarar gida da wurin sana'a ce makamin jami'in da ke bibiyarsa. Yanzu kuwa, idan laifin ya shafi damfara ta intanet ko batsar yara, alƙali kan sharɗanta a ɗora wa kwamfutarsa manhajar da ke kai rahoton shafukan da ya buɗe da abin da ya rubuta.

Aikin na buƙatar ƙwarewar tono bayanan na'ura da adana shaida ba tare da gurɓata ta ba, sai dai sanin iyakar doka ya fi wuya. A shari'ar Knights ta 2001, Kotun Ƙoli ta halatta binciken gidan irin wannan mutum ba da takardar izini ba, muddin zargin na da tushe. A shari'ar Packingham ta 2017 kuma, ta soke dokar jihar North Carolina da ta hana masu laifin lalata shiga Facebook da makamantansa.

A ganin mai wannan nazari, harshe ne aka fi yi wa sakaci, domin manhaja kalma take kamawa, ma'ana kan kuɓuce mata. Dokar gyaran hali ta Nijeriya ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba. Ranar da jami'anta za su fara bibiyar saƙonnin Hausa, zaurance da habaici da saran matasa za su jira wanda ya naƙalci harshen.