Filin Kimiyya: Iskar da ke Buɗe wa Jini Hanya



Duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa noman rani a Watari ya san ba a sakar wa kowane kwami ruwa lokaci guda. Wanda ya fi ƙishi shi ake fara buɗe wa. Haka jikinmu yake raba jini. In kana kaftu, tsokar hannu da ta baya su ne masu ƙishi, sai jijiyoyin jinin wurin su ƙara faɗi. To wa ke kai musu umarni? Ɗaya daga cikin manyan 'yan aiken wata iska ce mai suna naitirik oksaid. A darasin kemistiri NO ake rubuta ta, domin ƙwayar zarra ɗaya ce ta naitirojin haɗe da ɗaya ta oksijin.

Ga yadda saƙon ke tafiya:

1. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta. Idan gudun jini ya ƙaru yana gogar shimfiɗin, sai wani sinadari mai hanzarta aiki, NOS, ya haɗa ajinin, wanda ɗaya ne daga tubalan furotin, da oksijin, ya samar da NO.

2. Saboda ƙanƙantarta, NO ba ta neman ƙofa. Ratsa bango take yi ta shiga tsokar da ta naɗe jijiyar.

3. A can sai ta manne wa ƙarfen da ke jikin wani sinadarin, shi kuma ya shiga juya GTP zuwa cGMP.

4. Da cGMP ya yi yawa sai kalsiyam ya ragu a tsokar, ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi, matsinsa ya sauka.

Cikin 'yan daƙiƙoƙi NO take lalacewa, shi ya sa saƙonta ba ya nisa da inda ake bukatarsa. Tana da wasu ayyukan: tana hana jini daskarewa barkatai, wasu jijiyoyin ƙwaƙwalwa na aika saƙo da ita, sojojin jiki kuma na kashe ƙwayoyin cuta da ita.

A 1980 Robert Furchgott na Amurka ya lura cewa jijiyar da aka kankare mata shimfiɗin ciki ta daina amsa wani sinadarin da ke sa ta saki. Daga baya aka tabbatar NO ce shimfiɗin ke fitarwa. A 1998 shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami kyautar Nobel. Abin mamaki, maganin ciwon ƙirjin da masu ciwon zuciya ke sawa a ƙarƙashin harshe, daga sinadarin da Alfred Nobel ya yi nakiyar fasa duwatsu da shi ake yin sa, kuma NO yake saki a jiki.

Me ya shafe mu? Da wuya a sami ƙauyen da babu mai sikila ko mai hawan jini. A jikin mai sikila jajayen ƙwayoyin jini na saurin fashewa, abin da ya zube daga cikinsu kuma yana cinye NO, sai jijiyoyi su kasa buɗewa sosai. Shan taba sigari ma yana lalata shimfiɗin nan. Motsa jiki kuwa yana ƙara masa kuzari. Alayyaho da latas na ɗauke da naitiret, wanda ƙwayoyin bakteriya na kan harshe ke fara sarrafawa kafin jiki ya mai da shi NO. Amma mu gaya wa iyayenmu: miyar alayyaho ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Tambayar mako: me ya sa ƙarancin NO zai iya jawo hawan jini? A miƙa amsa ga 'yan ƙungiyar jarida kafin ranar Alhamis.