Yadda Kwamfuta Ta Koyi Kunna Matsattsen Sauti: Darasi Daga Bandar Kifin Haɗeja

Gabatarwa

Duk wanda ya san Haɗeja ya san dalilin da ya sa masunta suke yin banda. Ɗanyen kifi yana da nauyi, ga shi da cin wuri. Idan aka kyafe shi ruwan jikinsa ya fita, sai ya yi sauƙin ɗauka, a cika kwali da shi a kai Kano ko Kudu. Uwargida za ta jiƙa shi ta yi miya mai daɗi, amma kome daɗewar da ya yi cikin ruwa ba zai koma ɗanye ba. Irin wannan dabara ce masana suka yi wa sauti. Waƙa ko wa'azin da ke cikin wayar mai karatu, galibi matsattsen sauti ne, wato wanda aka rage masa nauyi, kuma sanannen cikinsu shi ne wanda ake kira MP3. A wannan darasi za mu duba yadda ake matse sauti, da yadda manhajojin farko na kwamfutar kan tebur suka riƙa warware shi suna kunnawa, sa'an nan mu ga abin da wannan ya shafe mu da shi.

Yadda sauti yake zama lambobi

Sauti kaɗawar iska ce. Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar tana rawa, ta tura iskar da ke kusa da ita, har kaɗawar ta iso dodon kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a sakan ɗaya. Kaɗawa kaɗan ita ce sauti mai kauri irin na tambari, kaɗawa mai yawa kuwa ita ce siririn sauti irin kukan gyare.

Kwamfuta ba ta san kome ba sai lambobi. Saboda haka makirufo yakan mayar da kaɗawar iska ta zama ta lantarki, wata na'ura kuma ta riƙa auna ƙarfin lantarkin a kai a kai tana rubutawa. A faifan CD ana yin wannan awo sau 44,100 a kowane sakan. Kowane awo ana rubuta shi da bit 16, bit kuwa shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko dai 0 ko 1. Haka kuma ana yi wa kunne biyu, dama da hagu. To, bari mu yi lissafi:

44,100 × 16 × 2 = bit 1,411,200 a sakan ɗaya.

Bit 8 su ne bayit 1. Ke nan sakan ɗaya yana cin bayit 176,400, minti ɗaya kuma bayit 10,584,000, wato megabayit goma da ɗoriya. A tsakiyar shekarun 1990 wannan kaya ne mai nauyi ƙwarai. Faifan filofi da ake yawo da shi a lokacin megabayit 1.44 yake ɗauka, wato sakan takwas kacal na sautin CD. Wanda kuma ya so aika waƙar minti biyar ta layin tarho, da na'urar modem mai gudun bit 28,800 a sakan, sai ya jira fiye da awa huɗu.

Abin da kunne ba ya ji

Masu bincike a Cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, tare da abokan aikinsu na wasu ƙasashe, sun nemo mafita daga wajen kunnen ɗan Adam. Kunne yana da iyaka, kuma sauti mai ƙarfi yana danne mai rauni. Manomin rani a fadamar Haɗeja ya san wannan: muddin injin ban ruwa yana aiki kusa da shi ba zai ji kukan kwaɗin da ke bakin rafi ba, amma da zarar an kashe injin sai kukan ya bayyana, alhali kwaɗin ba su taɓa yin shiru ba. Dannewar ta fi tsanani idan sautukan biyu suna kusa da juna wajen yawan kaɗawa. Haka nan bayan an buga tambari da ƙarfi, kunne yakan ɗauki ɗan taƙi kafin ya koma jin ƙananan sautuka. Bugu da ƙari, kunne ya fi kaifi a tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 5,000 a sakan, ya fi rauni a can ƙasa da can sama.

Manhajar matsewa tana aiki da waɗannan ƙa'idoji. Takan yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai awo 1,152. Sai ta tace kowace gunduwa ta raba ta zango 32 daga mai kauri zuwa siriri, ta sake rarraba kowane zango gida 18, ya zama layi 576 ke nan. Daga nan ta kimanta wane layi kunne zai ji sosai, wane ne kuma aka danne. Wanda za a ji ta rubuta shi da kyau, wanda aka danne ta rubuta shi sama-sama ko ta yar da shi. A ƙarshe ta yi amfani da dabarar da David Huffman ya fito da ita a 1952, inda lambar da ta fi yawan fitowa ake ba ta gajeriyar alama, wadda ba ta cika fitowa ba a ba ta doguwa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Brandenburg ya sha bayyana cewa muryar mawaƙiyar Amurka Suzanne Vega, a wata waƙa da ta rera ba tare da kiɗa ba, ita ce ta fi ba su wahala, domin babu ƙarar da za ta ɓoye kuskure. A 1993 aka buga wannan tsari a matsayin ƙa'idar duniya ƙarƙashin MPEG-1, mataki na uku, a ranar 14 ga Yuli, 1995 kuma ma'aikatan Fraunhofer suka zaɓi .mp3 ya zama ƙarshen sunan irin wannan fayil. Idan aka matse sauti zuwa bit 128,000 a sakan, ya ragu ninki goma sha ɗaya. Waƙar nan ta minti biyar sai ta koma bayit 4,800,000, ta bi layin tarho cikin minti 22.

Tseren manhaja da agogo

Matsewa sau ɗaya ake yin ta, kuma ko ta ɗauki awa guda babu laifi. Warwarewa kuwa ana yin ta duk lokacin da za a saurara. Manhajar warwarewa takan nemi farkon gunduwa, ta karanta bayanin da ke kanta, ta kwance alamomin Huffman, ta mayar wa kowane layi girmansa, ta haɗa layuka su koma zango 32, ta haɗa zangunan su koma awo 1,152, sa'an nan ta miƙa su ga katin sauti, shi kuma ya tura wa lasifika.

Idan muka raba 44,100 da 1,152 za mu sami kusan 38. Wato dole manhaja ta gama duk wancan aiki sau 38 a kowane sakan, kowace gunduwa cikin kashi 26 cikin 1,000 na sakan. In ta makara, sauti ya yanke. Domin guje wa haka takan warware gunduwoyi da dama ta tara su a wata 'yar ma'ajiya. Misalinta kamar randa ce: mai ga-ruwa yana zubawa jefi-jefi, mutanen gida suna ɗiba a hankali, kuma babu wanda zai san ya yi jinkiri sai in randar ta ƙafe.

A 1994 Fraunhofer ta fitar da manhajar matsewa mai suna l3enc. A lokacin, mai son sauraro yakan warware fayil ɗin gaba ɗaya tukuna, ya koma katon fayil a cikin kwamfuta, kafin ya kunna. Ranar 9 ga Satumba, 1995 cibiyar ta fitar da WinPlay3, manhaja ta farko a kan Windows da take warwarewa tana kunnawa a lokaci guda. Kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa samfurin 486 sun sha wuya da wannan aiki, har akan rage ingancin sautin ko a haɗe kunne biyu su zama ɗaya domin su iya. Da samfurin Pentium ya yaɗu sai abin ya yi sauƙi. Masu amfani da tsarin Unix kuwa sun sami mpg123, wadda Michael Hipp ya rubuta.

A 1997 wani ɗalibi a Zagreb ta ƙasar Kuroshiya, Tomislav Uzelac, ya fitar da injin warwarewa mai suna AMP. A shekarar ce Justin Frankel da Dmitry Boldyrev suka ɗora masa fuska a kan Windows, suka kira shi Winamp. Abin da ya sa ta karɓu shi ne sauƙin aiki da ita: mutum yana iya jera waƙoƙi su bi juna, ya ƙara kaurin sauti ko ya rage, har ya sauya wa manhajar riga. A 1998 aka fara sayar da ƙananan na'urorin aljihu masu kunna MP3, a 1999 kuma kamfanin AOL ya sayi Nullsoft, kamfanin da ya mallaki Winamp.

Daga tebur zuwa aljihu

A shekarun da ake wannan aiki a Turai da Amurka, kaset ne yake mulki a ƙasar Hausa. Jihar Jigawa kanta a 1991 aka ƙirƙiro ta, kuma a Haɗeja kamar sauran garuruwa, wa'azi da waƙoƙin Mamman Shata da na finafinai duk a kaset ake sayen su. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma aka sami wayoyi masu ɗaukar katin memori. Nan ne wata sabuwar sana'a ta ɓullo a kasuwanni da tashoshin mota na Arewa, wato ta masu tura waƙa. Jarinsu kwamfuta ce cike da fayilolin MP3. Mai shago ya kunna wa mutum ya ji, in ya yi masa sai a tura masa a memori. Aikin da ya gajiyar da kwamfutar tebur a 1995, yau ƙaramar waya tana yinsa ba tare da ta ji a jikinta ba. A 2017 wa'adin haƙƙin mallakar fasahar MP3 ya ƙare. An kuma sami sababbin tsare-tsare da suka fi shi, irin su AAC da Opus, wanda ake aika saƙon murya na WhatsApp da shi, amma dukkansu a kan ƙa'ida ɗaya suke, ta zubar da abin da kunne ba zai lura da shi ba.

Abin lura ga masu adana sauti

Mu koma ga kifinmu. Abin da manhajar matsewa ta zubar, manhajar warwarewa ba ta da inda za ta samo shi. Idan kuma aka warware fayil aka sake matse shi, kamar an sake mayar da banda kan wuta ne, kowane zagaye da abin da yake ci. Shi ya sa wata waƙar da ta daɗe tana yawo, ana sauya ta daga wannan tsari zuwa wancan, akan ji sautinta yana ɓalɓal kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kwafar fayil kawai ba ta rage kome, sake matsewa ce take ɓarna.

Wannan ya shafi ƙasar Haɗeja kai tsaye. Akwai kakaki da algaita da tambarin fada, akwai waƙoƙin masunta da na daka, akwai tsofaffi masu riƙe da tarihin masarauta a ka, ga kuma tsofaffin kaset da zafi da ƙura suke cinyewa. A dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka kowace shekara. MP3 an auna shi ne da kunnen mutum, saboda haka siririn kukan da ya zubar yana iya zama shi ne abin da mai nazarin tsuntsaye yake nema. Ɗalibi ko malamin da zai ɗauki irin waɗannan sautuka ya ɗauke su a tsarin WAV, wanda ba a matse shi ba, ko FLAC, wanda yake rage girma zuwa kusan rabi ba tare da zubar da kome ba. Ya ajiye wannan na asali a wuri biyu, ya rubuta sunan wuri da kwanan wata, sa'an nan ya fitar da MP3 daga gare shi domin rabawa jama'a.

Aiki a aji

1. Malam ya sa ɗalibi ɗaya ya riƙa murza takarda a hankali a bayan aji, wani kuma ya buga ganga ko tebur a gaba. A wane lokaci ne aka daina jin takardar? Me wannan yake nunawa?

2. Wa'azin minti 30 bayit nawa zai ci a ingancin CD? Nawa kuma zai ci idan aka matse shi zuwa bit 128,000 a sakan?

3. Faifan filofi mai bayit 1,474,560 zai ɗauki sakan nawa na MP3 mai bit 128,000 a sakan?

4. Me ya sa manhajar warwarewa take tsere da agogo, alhali ta matsewa tana iya yin aikinta a tsanake?

5. A ɗauki muryar ɗalibi yana karatu a tsarin WAV, a mayar da ita MP3, a warware, a sake matsewa har sau goma. A saurari ta farko da ta ƙarshe, kowa ya rubuta bambancin da ya ji.